Girki a Garkar Kumandan

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kuma na san ta kai kunnenku, domin ranar sunan 'yar Hadiza na ji ɗayanku yana ba matarsa ita cikin raha, yana zaton barci nake. Wai Inna, kakarku, ita ta miƙa ni ga Nasara da hannunta, aka biya ta da turmin zane. Ban tanka ba a lokacin saboda baƙi. Yanzu zan tanka. Duk waɗanda suka ga abin da idonsu sun riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai, kuma ba zan bi su in bar muku ƙarya a cikin gado ba. Ku karanta a hankali, har da kai Sani, da ba ka iya zama wuri ɗaya sai da waya a hannu.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma sunan kakana na wajen uba aka sa mini, Isuhu. Ku da kuke kiran 'ya'yanku na fari da sunansu gatsal a gaban kowa, har kuna ɗora su a cinya, sai an yi muku bayani. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta ko kallonsa in da mutane. Kunya ce, kuma da ita ake auna irin gidan da mace ta fito. Tawa kuwa ta zo ninki biyu, tunda sunan surukinta nake ɗauke da shi. Duk gida Magaji ake ce mini, amma Inna ko Magajin ba ya fita bakinta. In tana so in ci abinci sai ta ajiye akushi a tsakar gida ta juya baya ta ce, wanda bai ci ba ga tuwo nan. Ana yaye ni aka ba da ni riƙo ga ƙanwar Baba, Goggo Hajo, ta tafi da ni Jiratawa. Can na yi wayo a fadama, ina korar awaki daga albasa, ina ce mata Iya. Inna kuwa, a wurina wata mata ce mai shiru da nake gani in mun shigo birni, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ɗauka ba ta sona.

Bayan ruwan Gulbi ya ci tsohon gari, aka kwashe mutanen Maraɗi aka hau da su tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu, aka raba filaye. Unguwanni suka cakuɗe. Wanda ka tashi da shi ya koma can nesa, wanda ba ka taɓa gaisawa da shi ba ya zama katangarku ɗaya. A wannan sabon gida ne Baba ya aika aka dawo da ni. Baduku ne, ɗan baduku, yana aikin jar fatar akuya, kuma ƙannena maza da aka haifa bayana ba su zauna ba, sai jaririya guda a goye. Ya ce lokaci ya yi da zan zauna a zaure in fara riƙe masa basilla, allurar ɗinkin fata. Sababbin maƙwabta suka ga yaro ya bayyana a gidan baduku, suka kasa gane ko ɗan gida ne ko baƙo. Matan da suka shiga gulma suka fito ba su samu komai ba, domin sun ga matar gida ba ta ko ɗaga kai in na wuce, Kaka kuma, uwar Baba, in aka tambaye ta sai ta ce yaron Jiratawa ne, ta ja bakinta ta tsuke.

Kaka ba don wasa take yin haka ba. A shekarun nan babu abin da ke hana iyaye barci kamar lakwal, makarantar Nasara. Kowace shekara Kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, zai nemi yara, magana ta gangaro har kan mai unguwa, shi kuma ya duba gidajen da ba su da mai tsaya musu. Yaron da aka ɗauka, a ganin mutane, ya tafi ke nan: ya rasa allo, ya rasa sana'ar ubansa, ya dawo da gajeren wando yana gaida manya a tsaye. Babu wanda ke da takardar haihuwa, saboda haka da abu biyu ake gane yaro ya isa. A duba bakinsa, in ya fara famfara ya isa. A sa shi ya ɗora hannu ta bisa kai, in ya kamo kunnen ɗaya gefen ya isa. Ni kuwa haƙorana na gaba sun zube, hannuna kuma dogo ne tun ina ƙarami, kun dai gan shi. Abin da ya fi muni shi ne kowa ya san in ba a ɗauki ɗan maƙwabcinka ba naka za a ɗauka. Sai zaman unguwa ya koma na kallon-kallo. A yi gaisuwa da fara'a, ido kuwa yana kan bakin yaran juna. Maƙwabciyarmu ta jikin katanga, Ta-Allah, tana da ɗa sa'ana, kuma ban taɓa ganin matar da ke yawan zuwa aron rariya kamarta ba.

Ana cikin haka aka kawo sabon Kumandan, da matarsa da muke ce wa Madam, da 'yarsu ƙarama. A bayan bariki akwai garka babba da fursuna ke ba ruwa, an kewaye ta da waya, cikinta mangwaro da lemo da dogon yaro. Wurin yanzu duk shaguna ne, 'yan kabu-kabu na tsayawa a bakinsu, amma a lokacin ko akuya ta shiga sai mai ita ya kwana a ɗaure. Rannan da hantsi sai ga mai unguwa a zaurenmu. Ya ce Madam ta aiko, ran Lahadi tana son gidajen unguwarmu su zo garka, mata da ƙananan yara, maza su rako. Za a ba da raguna da shinkafa, kowane gida ya zo da tukunyarsa a yi girki, yara su yi wasa da 'yarta, wai kaɗaici ya dame ta. Zai fita ke nan ya hango ni a lungu ina jiƙa fata, ya nuna ni da sandarsa.

"Har da wanga. Madam ta ce kar a bar kowa gida."

Yana fita gida ya ɗauki zafi. Kaka 'yar Tsibiri ce, kuma ba ta taɓa yarda da abin da ya fito hannun Nasara ba, ko allura ce ta ɗinki.

"Tarko na," in ji ta. "Tun da nike ban taɓa jin Nasara ya ba talaka nama don Allah ba. Kaji aka watsa ma tsaba in ana son kamu. Ba ni shi in tahi da shi Tsibiri, in sa shi rumbu har abin shi wuce."

"Iya, mai unguwa ya gane shi da idonai," Baba ya ce. "In anka nema ba a gani ba, mi za ni ce? Ga Ta-Allah nan, kahin in buɗe baki ta hwaɗi inda munka kai shi."

"To sai ka miƙa musu shi bisa faifai?"

Baba ya daɗe yana murza wata fata a hannu. Can ya ce a aika Jiratawa Goggo Hajo ta zo. Yaran ƙauye ba a hannun mai unguwar birni suke ba, lissafinsu daban. In na shiga garka a matsayin ɗan Hajo, baƙo da ya zo ganin dangi, babu mai ikon taɓa ni. Ni dama Iya nake ce mata, ba sai an koya mini ƙarya ba. Kaka ta juya maganar ta ga ta zauna, sai ta waiga wajen ɗakin girki, inda Inna ke tankaɗe.

"Waccan kau ba sai an gargaɗe ta ba. Ko wuta ta kama shi ba ta ɗaga kai. Nan dai kunyarta ta yi muna rana."

Aka yi dariya, har da Baba. Inna ta ci gaba da tankaɗenta.

Goggo ta iso ran Asabar da kwandon albasa a ka, ta zaunar da ni ta yi mini huɗuba. Kada in buɗe baki, ko dariya ce in yi ta da leɓe a rufe. Kada in ɗaga hannu sama da kafaɗa, ko wa ya ce. In an tambaye ni gidanmu in ce Jiratawa. Kaka ta ɗaura mini laya a damtse ta tofa mini abin da ta tofa. Da safe muka fita, mata da tukwane da itace a ka, maza a baya cikin manyan riguna, kowa fuska a murtuke. In ka gan mu sai ka ce gaisuwar mutuwa za mu. A bakin garka gardi biyu ne a tsaye, wato dogaran Nasara masu jar hula, kuma na ga Baba yana waige yana duba ko za su rufe ƙofa bayan mun shige. Ba su rufe ba. Wannan ma bai kwantar wa kowa da hankali ba, Kaka cewa ta yi ai mai wayo ba ya rufe ƙofa da wuri.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan hana shi abinsa ba. Ban taɓa ganin inuwa mai sanyi irin wannan ba. Kowane gida ya zaɓi gindin itace ya kafa murhu, aka shimfiɗa tabarmi, aka kwantar da jarirai. Maza suka ƙi yarda da naman da aka riga aka yanka, sai da aka jawo raguna da ransu limamin unguwa ya sa wuƙa a gaban kowa. Mata suka shinshina man da kukun Madam ya kawo, suka mayar masa da abinsa, kowace ta ciro man gyaɗarta daga ƙullin zane. Gishirin ma Kaka ta ce fari ya yi yawa, ba ta yarda da shi ba. Amma wuta ba ta san zargi ba. Da albasa ta faɗa mai, ƙamshi ya tashi, sai ka ji hira ta fara sakin jiki. Wannan ta aika wa waccan daddawa, waccan ta miƙo barkono, masu daka suka haɗa taɓare suna lugude. Wasu suka ce shinkafa kaɗai ba ta riƙe ciki, suka ɗora tuwo. Inna na cikinsu, murhunmu kuma shi ne na can ƙarshe, jikin waya, domin Kaka ta ce a yi nesa da idon mutane.

Mu yara ba mu daɗe muna tsoro ba. An ɗaura lilo a reshen mangwaro, 'yan mata suka yi layi. Ƙanana suka zauna gefen iyayensu suna tuwon ƙasa a fasassun ƙwarya, suna miyar ganye, 'yar Madam ta tsuguna cikinsu da farar rigarta, kafin a jima ta fi kowa dauɗa. Mu maza muka yi langa, sannan Madam ta jefo mana balo ja, wato ƙwallo, irin wadda ba mu taɓa taɓawa ba, mu da muka saba da ƙullin tsumma. Madam kanta doguwa ce siririya, tana ta yawo tsakanin murahu tana leƙa tukwane tana dariya, ba mai jin abin da take cewa. A bayanta kuwa akwai tafinta. Shi ne mutumin da har yau in na tuna shi sai na ji raina ya ɓaci. Baƙi ne kamarmu, Hausa a bakinsa kamar ta kowa, da farin wando da takalmi sau-ciki, ba ya ɗauke da takarda ko alƙalami, sai gwangwanin sukari mai ƙwaya. Yana bin yara ɗaya ɗaya yana murmushi.

"Buɗe baki in sa maka, ɗan samari."

Iyaye mata suka ga haka, sai ka ji kira ta ko'ina, kowace ta tuna tana da aike. Da ya zo kaina na miƙa hannu, leɓe a rufe. Ya dube ni, ya dubi hannun.

"Kai ɗan wa?"

Goggo ta taso da ludayi a hannu.

"Nawa na, ranka shi daɗe. Daga Jiratawa munka zo jiya, gobe mu koma. Kurma-kurma na, ba shi son magana."

Ya sa mini sukarin a tafi ya wuce. Na hango Ta-Allah ta bar tukunyarta tana kallonmu, ta kuma juya tana kallon Inna. Inna tana tuƙi, ta ba mu baya.

Bayan an ci an sha Madam ta tara mu ta yi da'ira, tana waƙa da harshensu, tana nuna mana mu yi abin da take yi. Ta tafa, muka tafa. Ta kama ƙugu, muka kama. Sai ta ɗora hannuwa bisa kai. Wallahi a ranar na ga abin mamaki, duk yaran unguwarmu hannuwansu suka gajarce lokaci ɗaya. Wani ya tsaya a kafaɗa, wani ya kama haɓa, ɗan Ta-Allah ya zauna ƙasa ya ce cikinsa ke ciwo. Madam ta yi ta dariya, ta ɗauka ba mu gane ba ne. Daga baya, da na yi karatu, na ji wannan waƙar a bakin yaran Nasara, waƙar wasa ce kawai. Amma na ga inda tafinta ya tsaya a lokacin, na ga kuma abin da yake kallo, kuma babu mai gaya mini cewa wasa ya kawo shi.

Rana ta karkata, mutane suka fara ɗaure kaya, ana ganin an tsira. Har Kaka ta yarda ta ci tsoka ɗaya. Goggo ta tafi wajen da ake rabon sauran nama, tana ja-in-ja da wata mata a kan ƙafar rago. Mu kuma muka koma kan balo. A tsakiyar garka akwai babban kwarmin ruwa na siminti da ake tara ruwan ban itatuwa, bakinsa daidai da ƙasa, ya yi gansakuka. Wani ya buga balo ta faɗa ciki. Na durƙusa na miƙa dogon hannun nan nawa, yatsuna suka taɓa ta, ta matsa, gwiwata ta zame. Abin da na sani ke nan, sai kore a idona da ruwa a hanci. Na taso sau ɗaya, na ga yara sun watse da gudu ba wanda ya yi ihu, saboda kowa an gargaɗe shi kada ya jawo ido kansa. A tasowar nan ne na ji murya, wadda na sani amma ban taɓa jin ta da ƙarfi ba.

"Isuhu! Isuhu! Wayyo ɗana!"

Ku tuna inda na ce murhunmu yake. Tsakaninsa da kwarmin akwai gidaje da yawa, akwai maza a zaune, akwai gardi, akwai Goggo da ta fi kusa. Cikin manya babu wanda ya ga faɗuwata sai matar da ta ba ni baya tun safe. Waɗanda suka gani sun ce ta tsallake murhun mutane da wuta a ciki, kallabi ya faɗi ba ta waiga ba, ta faɗa ruwan da zanenta, ita da ba ta taɓa shiga gulbi ba. Ruwan ya kai mata wuya. Ta lalubo ni da ƙafa, ta cicciɓo ni ta miƙa, maza suka ja mu. Da na farfaɗo a cinyarta nake, tana danna mini ciki, tana shafa mini kai, tana ta maimaita sunan nan, sunan surukinta, a gaban surukarta da mijinta da limami da duk unguwa. Na yi amai, na buɗe baki na fashe da kuka, giɓina a fili kowa na gani.

Sai duk garka ta juyo tana kallonmu. Inna ta ɗaga kai ta ga idanu, a nan ta gane abin da ta yi. Ta sauke ni a hankali, ta ja zane ta rufe fuska. Madam ta zo da gudu da tawul tana kuka, ita dai na yarda tsoro ne ya kama ta na gaskiya. Tafinta ya tsuguna gabanmu, ya yi magana a tausashe.

"Sannu, baiwar Allah. Allah ya kiyaye. Ashe ke ce uwar yaro."

"Ruɗewa ta yi!" Kaka ta ce. "Ɗan Hajo na, kowa ya sani!"

"Haka ne, Iya," in ji shi. "Ruɗewa ce."

Ya miƙe ya kaɗe wandonsa, ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa. Ta-Allah ta zo tana ta sannu, har da ɗauko wa Inna kallabinta, kuma ban taɓa ganin fuskarta ta sake kamar ranar ba.

Muka kwashe kaya muka kama hanyar gida. Muna shiga Kaka ta sauke tabarma ta fara.

"Maza nawa ag gurin? Ke kaɗai ta iya gudu? Da kin yi shiru da wani ya hidda shi! Shekara da shekaru kina muna kunya, sai ranar da kunya za ta yi amfani kinka yasda ta. Kin kira sunan mijina gaban duniya, kin ba da ɗan ɗana, duk da baki guda!"

Inna tana durƙushe, zanenta bai bushe ba. Baba bai zage ta ba, bai kuma kare ta ba. Ya shiga zaure ya zauna cikin fatunsa, aka kai masa tuwo ya dawo da shi yadda yake. Goggo ta ce a bar ta ta gudu da ni tun da sauran haske, Baba ya ce yanzu in na ɓace shi za a ɗaure. Ba a yi mako biyu ba sai ga gardi da mai unguwa da hantsi. Ni kaɗai aka ɗauka a layinmu. Ɗan Ta-Allah ya tsira, ya zama babban dillalin gyaɗa, Allah ya ji ƙansa. Da za a fita da ni Kaka ta yi kuka, Goggo ta yi, Baba ya raka mu har bakin titi. Inna ba ta fito ba, sai ƙullin ƙuli-ƙuli na tarar a aljihun rigata.

Daga nan maganar zane ta samo asali. Bayan kwana kaɗan Madam ta aiko wa Inna da turmin atamfa, wai a madadin zanenta da ya lalace a ruwa. Baba ya ji tsoron mayarwa. Ta-Allah ta ga shigowar boyin Madam da ƙunshi, kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa an shirya abin ne tun farko, wai matar baduku ta gaji da warin fata tana son ɗa ma'aikaci. Har Kaka, da ta ga komai da idonta, ta fara cewa ita dai ba ta san yadda mai tuƙin tuwo ta ga abin da ke bayanta ba, in ba dama tana jira ba. Inna ba ta taɓa ɗaura zanen nan ba, a ƙasan tukunyar kaya ya zauna har gara ta cinye shi. Amma ta daina zuwa biki da suna shekaru, domin da ta shigo sai 'yan mata su fara kiran junansu da ƙarfi, Isuhu, Isuhu, ana ƙyalƙyala dariya. Kaka ta rasu ba ta yafe mata ba. Baba ya tsufa a zaure shi kaɗai, kayan aikinsa da ya gada daga ubansa almajirinsa na sana'a ya kwashe, domin ni ko takalmi ban iya gyarawa ba. Duk sanda na zo hutu da gajeren wandona sai ya dube ni ya kau da kai. Wannan ciwon har yau yana raina, kuma aikin asibitin da na yi, da gidan nan da kuka tashi a ciki, ba su warkar da shi ba.

Ko Madam da gaskiya ta tara mu, ko da ita aka haɗa baki, ban sani ba, kuma na gaji da juya shi. Na yi aiki da Nasara na ga masu kirki, na ga kuma yadda ake amfani da kirkinsu. Abin da na sani shi ne na Inna. Ta koma kunyarta fiye da da, ko ɗakin da nake ba ta shiga. Na girma, na yi aure, na haife ku, ba ta sake faɗin sunan nan ba. Sai wata rana da rana tsaka, ta tsufa ƙwarai, ido ya fara tafiya, tana zaune a inuwar tsakar gida tare da mahaifiyarku suna tsinke zogale. Na dawo daga aiki na zauna nesa kaɗan, yadda muka saba. Ban san abin da ya tunzura ni ba, sai na ji bakina ya yi tambayar da na riƙe tun ina yaro.

"Inna, ran nan a garka. Da kin san abin da zai biyo baya, da kin yi shiru wani ya fid da ni?"

Mahaifiyarku ta zaro ido tana yi mini alama in bari. Inna ba ta juyo ba. Ta ci gaba da tsinke ganyenta har na ɗauka ba za ta amsa ba, na fara neman takalmina. Sannan ta karkata wajen mahaifiyarku, ba wajena ba, ta yi magana a hankali.

"Rakiya, hwaɗa ma mutumen nan, wani bai gani ba. Ni ɗai nika kallo. Kuma ko yau ya sake hwaɗawa, sai na kira."